Kwana 28 Kafin Wuƙa: Fiɗiyar Wani Tsohon Karen Garke a Katsina

Kaka ta kama, ana cikin yankan gero, wani dattijo mai shanu daga rugagen bayan Batagarawa ya sauka a ƙofar ɗakin da nake duba dabbobi a Katsina, shi da ɗansa saurayi, ga kare kwance a bayan a-kori-kura. Karen baƙi ne wuluk, dogo mai siririn ciki irin namu na gida, bakinsa duk furfura. Duna suke ce masa. Dattijon ya ce an haife shi a shekarar da ya aurar da 'yarsa ta biyu, muka ƙirga tare ya kama shekara 10. Na ɗora shi a sikeli, kilo 20, haƙarƙari duk a waje.

"Likita, wata biyu ke nan," in ji dattijon, "in ya tsuguna sai ya yi ta nishi kamar mai naƙuda, abin da ke fita ɗan siriri a baje kamar ganyen kaba. Inda duk ya kwana kuma sai ka iske ɗigon jini daga gabanshi. An ce mini in an dandaƙe shi zai warke. Ka dandaƙe mini shi yau mu koma, shanu babu mai tsaro."

Wanda ya gaya masa haka bai yi ƙarya ba. Fiɗiya ce maganin Duna, kuma daga baya an yi ta. Amma da na biye wa dattijon na yi ta a ranar, ina kyautata zaton gawar kare za su ɗauka su koma da ita. Abin da ya faru tsakanin wannan rana da ranar aikin shi ne ya sa na ga ya kamata a rubuta lamarin, don masu garke da mafarauta da matasan likitocin dabbobi da za su gamu da irinsa.

Na sa masa takunkumi na fara dubawa daga baki. Dasashinsa ya koɗe, babu jan nan mai haske da ake gani ga lafiyayyen kare, ga wasu 'yan ɗige-ɗige ja kamar an tsattsaga da allura, a dasashin da kuma fatar ciki. Kunnuwa da tsakanin yatsu cike da kaska. Zafin jiki 39.7, alhali na kare tsakanin 38 ne da 39 da ɗan ɗoriya. Saifa ta kumbura, hannu na jin ta. Zuciya kuwa lafiya lau take bugawa, huhu babu kurman sauti, wannan ya faranta mini rai.

Sannan na janye fatar gabansa har gindi na duba da kyau, saboda a ƙasarmu kare namiji mai yawon bin karya, in ya zo da ɗigon jini, abin da ake fara zargi shi ne ƙarin nan da karnuka ke ɗauka wajen barbara. Nama ne ja mai burtsatse kamar kan farin kabeji, da an taɓa sai jini. Shi wannan fiɗiya ba ta warkar da shi, allurar binkiristin ake yi ta jijiya mako-mako, sau huɗu zuwa shida galibi. Na sha ganin karen da aka fiɗiye a banza jinin bai tsaya ba, don ba a tsaya an janye fatar an duba ba. Duna dai babu wannan a jikinsa.

Da na sa safar hannu na zura yatsa ta dubura, nan na iske abin da nake nema. Akwai wani ƙullutun nama da ake kira furostet, ya kewaye bututun fitsari a gindin mafitsara, hanjin da kashi ke bi kuma ya ratsa ta samansa. Sinadarin mazakuta da maraina ke samarwa shi ke ciyar da shi, don haka duk namijin karen da ba a fiɗiye ba, ƙullutun na ƙara girma da shekaru, kuma mafi yawan waɗanda suka haura shekara 5 suna da kumburin ko da bai dame su ba. Na Duna ya girma har ya danne hanjin, dalilin nishin da kashi mai kama da kaba ke nan. Sumul yake, ɓangarorin biyu daidai wa daida, yana motsi ƙarƙashin yatsa, kuma karen bai yi ƙara ba da na danna. Waɗannan alamu ne na kumburin tsufa. Da sankara ce ko maruru, da na ji gargada, ko ɓangare ɗaya ya fi ɗaya, ko ya manne ba ya motsi, ko karen ya zabura don zafi. Bambancin na da muhimmanci, domin fiɗiya na saɓe kumburin tsufa, amma ba ta warkar da sankarar furostet, ba ta ma hana ta zuwa.

Abu na ƙarshe, ɗan marainansa na hagu ya fi na dama girma, akwai wani ƙulli mai tauri a ciki kamar gyaɗa.

Na ce, "Baba, aiki zai yi masa magani in Allah ya yarda, amma ba irin na bijimi ba, kuma ba yau ba."

Maƙwabcinsa ya riga ya yi masa tayin awartakin burdizo, wanda ake matse jijiyar maraina da shi a mayar da bijimi ko bunsuru dandaƙaƙƙe. An ƙera shi ne don dabbobin da marainansu ke rataye da dogon wuya. Na kare a manne suke da jiki, fatar kuma siririya ce mai saurin ruɓewa, sannan kare na kai baki wurin ya yi ta cizo. Haka roban nan da ake ɗaure wa 'yan raguna. Wanda ya yi wa kare ɗayan biyun nan ya azabtar da shi, kuma sau da yawa ƙarshensa ruɓa da tsutsa. Ballantana Duna mai ƙulli a ciki, wanda dole a fitar da marainan gaba ɗaya a duba.

Na ɗebi jini na aika gwaji. Dattijon bai so ba, kuma na fahimce shi. Kuɗin gwajin kuɗi ne, kuma a wajen mutane da yawa kashe wa kare irin wannan abin dariya ne. Amma a yankin da ɓarayin shanu suka hana mutane barci, karen da ya shekara 10 yana kwana a bakin garke ya cancanci fiye da haka, kuma addininmu da ya halatta riƙe kare don tsaron dabbobi da gona da farauta bai halatta a bar shi cikin wahala ba. Dattijon da kansa ya gaya mini ya tambayi malaminsu kafin ya taho, aka ce masa tunda don magani ne babu laifi.

Sakamakon ya fito da yamma. Awon jini kashi 26 cikin 100, alhali na lafiyayyen kare daga 37 ne zuwa 55. Ƙwayoyin da ke daskarar da jini in an ji rauni, waɗanda ya kamata su kai 200,000 ko fiye, 58,000 ne kacal. Ƙoda da hanta lafiya, kuma a nan Allah ne ya kiyaye, domin saurayin ya amsa mini cewa ya sayo daikilofenak a kemis ya ba karen kwana uku don tausayin nishin da yake yi. Daikilofenak da ibufurofen na huda cikin kare su kashe masa ƙoda. Ban yi wa yaron faɗa ba, tausayi ne ya sa shi, na dai roƙe shi kada ya sake.

Jinin da bai daskarewa, ga kaska, ga zazzaɓi, ga kumburin saifa: wannan hoton cutar Ehrlichia canis ne, wadda jar kaskar kare ke yaɗawa, kuma tana cike da karnukanmu musamman bayan damina. Kare na iya ɗauke da ita wata da watanni yana ci yana haushi, babu wanda ya sani, sai ranar da aka yanka fatarsa jini ya ƙi tsayawa. Jijiyoyin marainan tsohon kare manya ne, sun shekara suna aiki. A yanke su a jikin da ƙwayoyin daskarewa ba su kai sulusin yadda ya kamata ba, ga jinin da ma ya yi ƙasa, wannan ganganci ne.

Masu tsofaffin karnuka kan tambaye ni ko dabbarsu za ta iya ɗaukar allurar barci. Tsufa na da nasa rabon, babu musu. Hanta da ƙoda ba sa tace magani da sauri kamar da, zuciya ba ta da rarar ƙarfi, jiki ba ya riƙe ɗumi. Amma abin da ya fi kashe kare a kan teburin aiki shi ne ciwon da ya shigo da shi ba a gano ba. Wani babban bincike da aka yi a Birtaniya aka wallafa a 2008, wanda ya bi karnuka kusan 98,000 da aka sa wa maganin barci, ya nuna cikin masu ƙoshin lafiya ɗaya ne ya mutu a cikin 1,849, cikin marasa lafiya kuwa ɗaya a cikin 75. Can ke nan, inda ake da injin iskar barci da na'urorin lura da numfashi a kusan kowane asibiti. Mu da muke aiki da allura da agogon hannu, tazarar ta fi haka muni. Aikina a wata mai zuwa shi ne in fitar da Duna daga rukuni na biyu in mayar da shi na farko.

Sai dai akwai abin da ya hana ni sakewa, kuma nan ne lamarin ya fi wuya. Ƙarin maraina a kare iri uku ne aka fi gani: na ƙwayoyin Leydig, da seminoma, da na ƙwayoyin Sertoli. Na ukun nan wani lokaci yana zubo sinadarin mata a jini, sinadarin kuma ya danne ɓargo har ya daina ƙera jini. Shi ma yana kawo ƙarancin jini da ƙarancin ƙwayoyin daskarewa, tamkar cutar kaska. In shi ne ke cin Duna, to kowane mako na jira ƙara masa guba ne, gara a nemo jini a ƙara masa a cire marainan da gaggawa. In kuwa kaska ce, gaggawar ce za ta kashe shi. Hanyoyi biyu masu kama da juna, magani kishiyar juna.

Na sake duba shi da wannan tunani. Karen da sinadarin mata ya yi wa yawa gashi na zube masa a gefe biyu daidai, nonuwa su kumbura, fatar gaba ta saki ta rataya, ɗaya marainan ya shanye, wasu mazan karnuka ma su riƙa binsa. Na tambayi saurayin, ya ce babu karen da ya isa ya matso kusa da Duna. Babu ko ɗaya daga alamun. Don haka na zaɓi in yi maganin kaska, amma da sharaɗin su dawo bayan kwana 10 a sake ɗibar jini. Cutar kaska na amsa magani da wuri. In ƙwayoyin ba su motsa ba a kwana 10, na yi niyyar rubuta musu takarda zuwa asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, inda ake da kayan aikin da suka fi nawa.

Maganin dokisaikilin ne, miligiram 10 ga kowane kilo, wato kafso biyu masu miligiram 100 kullum, har kwana 28 ba tsallake. Na ce a cusa a cikin lomar tuwo, a bi da ruwa, kada a haɗa da nono a lokaci guda. Kaska a cire da hannu, a yi masa wanka da maganin da na auna masa, a share makwancinsa a toshe tsagar bango, don wannan kaskar a can take ɓuya ta yi ƙwai. Na ja kunne sosai kan fiya-fiya da ragowar ruwan wankan shanu, na ga karnukan da suka mutu suna dalala saboda su. Don sauƙaƙa masa tsuguno kuma, a daina ba shi ƙashi kwata-kwata, a riƙa dafa masa kabewa ana cakuɗawa da abinci da ɗan mai. Yawan nishi na iya yaga naman gefen dubura hanji ko mafitsara su zurmo, ƙaba ke nan mai neman babban aiki, kuma ita ma tsofaffin mazan da ba a fiɗiye ba ta fi kamawa.

Dattijon ya tambaya ko babu ƙwaya da za ta wadatar ba sai an yanka ba. Akwai, finasterid na rage furostet, amma muddin ana sha ne, da an daina kumburin ya dawo, kuma babu abin da zai yi wa ƙullin da ke cikin maraina. Ya yi shiru, sannan ya faɗi ainihin abin da ke ransa: "Likita, ba zai zama rago ba? Kada in mayar da zaki tunkiya." Na ce masa abin da ke raguwa shi ne yawon bin karya da faɗa da maza a kanta. Haushi da tsaron garke hali ne da ya shekara 10 yana ginawa, ba a maraina yake ba.

Ranar 10 ƙwayoyin sun hau 150,000. Ranar 28 sun kai 240,000, awon jini 38, ɗige-ɗigen sun ɓace, ya ƙara kilo ɗaya. Ƙoda na nan lafiya.

Muka sa aikin a ƙarshen Nuwamba, hunturu ya fara busawa. Ya ci abinci kaɗan da daddare, ruwa kuwa aka bar masa har asuba, don tsohon kare ba a so ya shiga aiki da ƙishirwa. Kafin komai na sa kanula a jijiyar hannu na ɗaura ƙarin ruwa, mililita 100 a awa. Wajen sa shi barci ban yi amfani da allurar zailazin ba, duk da shi ne aka saba haɗawa da ketamin a wajenmu, saboda yana rage bugun zuciya sosai, tsoho kuma ba shi da rarar da zai jure. Na ba shi allurar kashe zafi tun kafin wuƙa, sannan dayazifam da ketamin ta jijiya, kaɗan-kaɗan ina kallo, har ya kwanta daidai gwargwadon buƙata ban ƙara ba. Na tsira lidoken, allurar da ke kashe zafi a wurin da aka yi ta, a cikin kowane maraini da layin da zan yanka. Wannan 'yar allura mai arha ita ke sa a rage maganin barci, kuma ina mamakin yadda ake yawan tsallake ta. Mataimakina bai yi wani aiki ba sai ƙirga bugun zuciya da numfashi duk minti biyar yana rubutawa. Na shimfiɗa bargo a ƙarƙashinsa, na jera gorunan ruwan ɗumi naɗe da tsumma a gefensa. Duk da haka zafin jikinsa ya sauka zuwa 36.9 kafin mu gama. A Afrilu, lokacin da Katsina ke haura digiri 40, damuwar akasin haka ce.

Na yanka a gaban jakar maraina, na fito da su ɗaya bayan ɗaya, na ɗaure kowace jijiya sau biyu da zare mai narkewa, na tsaya na tabbata babu tsattsafin jini kafin in sake ta. Minti 25 aka ɗinke. Cikin awa ɗaya ya ɗaga kai, da la'asar ya miƙe ya sha ruwa. Marainan hagu na sa a kwalbar fomalin, ruwan da ke hana nama ruɓewa, na aika Zariya, sakamakon ya dawo ƙarin Leydig ne, irin da ba kasafai yake yaɗuwa ba, kuma cirewa ta gama da shi.

Akwai kurakurai biyu, duka nawa ne. Jakar marainan tsohon kare ta saki ta yi tsawo, in aka bar ta wofi takan tara jini da ruwa, shi ya sa likitoci da yawa ke yanke ta gaba ɗaya ga irinsu. Na ƙi yin haka don in gajarta lokacin barci. Na biyu, dattijon na zaunar na yi wa bayanin jinya dalla-dalla, alhali saurayin ne ke kula da karen, kuma a lokacin ya tafi neman abin hawa. Kwana biyu da komawa aka kwance Duna, ya bi shanu kiwo kamar yadda ya saba. A rana ta uku suka dawo da shi jakar ta kumbura kamar lemun zaƙi, ta yi ja, yana ta lasa.

Na duba dasashi, ja ne. Babu zazzaɓi, ɗinkin bai buɗe ba, kumburin kuma ba ya ƙaruwa a gaban idona, don haka ban sake yankawa ba. Muka sayo bokitin roba muka fasa gindinsa, muka huda muka ɗaure masa a wuya yadda baki ba zai kai wurin ba. Na ce a ɗaure shi a rumfa mai inuwa da shara, a riƙa dafa masa tsumma mai sanyi safe da yamma, a duba wurin kullum saboda ƙuda. Na ci gaba da ba shi melokzikam, maganin zafi da kumburi, na 'yan kwanaki, wanda na yarda da shi ne kawai don gwajin ƙodarsa ya yi kyau. A wannan karon saurayin na yi wa bayani, na sa ya maimaita mini. Kumburin ya saɓe cikin kwana 10. Da a ce wannan zubar jinin ta same shi da ƙwayoyi 58,000, ba bokiti za mu nema ba. Yau in aka kawo mini tsohon kare mai sakakkiyar jaka, zan ƙara minti goma in cire ta.

Ranar 14 na warware ɗinki, na yi masa allurar rigakafin haukan kare, wadda bai taɓa samu ba a rayuwarsa duk da tabon cizon da ke kunnuwansa. Na kuma gargaɗe su a tsare shi daga karya har wata guda ko fiye, don sauran iri na jimawa a bututu bayan fiɗiya. Ɗigon jinin ya riga ya tsaya tun a mako na biyu. Furostet kan ragu da kusan rabi cikin mako 3 bayan aiki, ya ragu da wajen kashi 70 cikin 100 zuwa mako 9.

A ƙarshen Janairu na je rugar don duba wata saniya, Duna ne ya tare ni tun daga nesa da haushi, sai da saurayin ya tsawata masa. Na sa safar hannu na duba, da ƙyar yatsana ya kai ga ƙullutun. Kashi ya dawo daidai. Ya kai kilo 24, har ya fara yin kitse a gindin wutsiya, na ce a rage masa tuwo, domin fiɗiyayyen kare ba ya ƙona abinci kamar da, ƙiba kuma na gama da gwiwoyin tsoho. Da na juya kunnensa na dama sai ga kaska uku sun ƙoshi. Warkewa daga wannan cuta ba ta hana a sake ɗaukar ta. Na cire su na jefa a wuta, na auna wa saurayin maganin wanka a murfin kwalba na nuna masa iyakar layin, ya tafi rijiya ɗebo ruwa.